Yadda Na Cusa Kasuwar Albasa Cikin Shafi 12

Ƙarfe goma da kwata na dare Yaya ta kira ni. Ina zaune a tsakar gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Gana, kwamfuta a cinya, ina gyara jerin manazarta hankali kwance, don a lissafina akwai sauran kusan awa biyu kafin a rufe karɓar maƙala ta wani taron masana. Ko amsa sallamata ba ta gama yi ba ta ce, "Kin tura?" Na ce saura ƙiris, ai sai sha biyu. Ta ce, "Sha biyun wa? Koma ki karanta sanarwar." Na koma. An rubuta 23:59, amma da agogon tsakiyar Turai, su kuwa a watan Nuwamba suna gabanmu da awa ɗaya. Minti 44 suka rage mini, kuma ban ma buɗe shafin da ake ɗora takardar ba.

Ba uwa ɗaya ta haife mu da Yaya ba, amma a zango wannan ba ya hana komai. Gidansu na kallon namu, ita ta riƙa raka ni makarantar allo, ita ce kuma ta fara yin digirin digirgir a layinmu, a Afirka ta Kudu. Duk abin da na sani game da taron masana kafin in shiga da ƙafata, daga bakinta na ji.

Idan aka tambaye ni a gidan suna me nake karantawa, nakan ce kwamfuta, don a huta. Gaskiyar ita ce fannina tsarin bayanai ne. Masu kimiyyar kwamfuta su ke ƙera manhaja. Mu kuwa muna tsaye a inda na'ura ta haɗu da mutane: me ya sa asibiti ya sayi tsari mai tsada amma ma'aikata suka koma wa littafi da biro, me ya sa 'yar kasuwa ta rungumi wata manhaja ta yi watsi da wata. Babbar ƙungiyar masana fannin ita ce AIS, wadda aka kafa a 1994. Taronta mafi girma, ICIS, a watan Disamba ake yinsa, kuma tun 1980 aka fara shi a Filadelfiya ta Amurka. Akwai na yankuna, ECIS na Turai da PACIS na Asiya da AMCIS na nahiyar Amurka, duk a tsakiyar shekara. Afirka ma tana da nata, ACIST, sannan akwai rukunin IFIP 9.4 da ke duba fasahar bayanai a ƙasashe masu tasowa. A wannan fanni ba a zuwa taro da tsakure kawai. Cikakkiyar maƙala ake turawa, a tantance ta kamar ta mujalla, idan ta tsallake a buga ta cikin kundin taron. Wanda na nufa ɗaya ne daga cikin na tsakiyar shekara, ba sai na kira sunansa ba.

Abin da nake bincike a kai, a gida na tsince shi. Goro ne ya kawo kakanmu Kumasi, kuma maigida ne mai saukar fatake. Tsarin sananne ne: baƙo ya zo da kaya ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi makwanci, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, ya karɓi la'adarsa. Kawuna ya gaji wannan aiki, sai dai shi albasa yake dillanci a kasuwar Kwadaso, inda manyan motoci ke sauke ta Galmi daga Nijar da kuma ta Bawku a arewacin Gana. Kuɗin da ke yawo a wurin ba kaɗan ba ne, kuma mafi yawansa a kan magana yake tafiya.

MoMo, wato tsarin ajiye kuɗi da tura su ta waya, ya shigo Gana a 2009. A 2018 aka haɗa layuka, ya zama kana iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan. Sai a watan Mayu na 2022 gwamnati ta sa harajin tura kuɗi ta waya, kashi 1.5 cikin 100, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023. A lokacin, sidi 100 na farko a kowace rana haraji ba ya taɓa shi, amma mai sayen buhu 50 na albasa ina ruwansa da sidi 100? Abin da na lura da shi a Kwadaso shi ne, zuba kuɗi da cirewa ba su shiga harajin ba. Don haka maimakon ɗan kasuwa ya tura daga wayarsa, sai ya ɗauki tsabar kuɗi ya kai wa mai MoMo da ke zaune ƙarƙashin lema, shi kuma ya zuba kai tsaye a layin wanda za a biya. Ba kowane mai lema ake kai wa ba, akwai wanda aka sani. Har ta kai wani ya zuba maka kuɗin da safe, kai kuma ka kawo masa da la'asar bayan an yi ciniki. Rasit ɗin kuwa saƙon murya ne a WhatsApp: "Alhaji, an saka, duba ka gani."

Na yi hira da mutum 23, dillalai da masu sari da direbobi biyu da masu MoMo huɗu. Kafin nan sai da na samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'armu, wanda ya ɗauki wata biyu. An ba ni takardar amincewa da kowa zai sa wa hannu, saboda dokar kare bayanan mutane ta 2012 da kuma ƙa'idar jami'a. Mutum na farko da na miƙa wa ita ya dube ni ya ce, "'Yar Malam, ni da na ɗauke ki ɗiya, za ki sa ni sa hannu?" A Kwadaso sa hannu na masu haraji ne da kotu. Dole na koma na nemi a yarda in riƙa naɗar amincewarsu da baki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini inda bincikena ya dosa, amma a lokacin na ɗauke shi cikas ne kawai.

Taron ya ba da zaɓi biyu: cikakkiyar maƙala ta binciken da aka kammala, ko gajera ta wanda ke kan hanya. Farfesan da ke duba aikina, Ba'asante ne wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kaɗan kaɗan" ba, ya ce in tura gajera. Na ƙi. Ina ganin na sha rana wata huɗu a kasuwa, na zauna na kwafe kowace hira da hannuna, sannan a ce aikina yana kan hanya? Ya yi murmushi ya ce, "To, ki gwada."

Daga nan aka shiga yaƙi da ƙirar takarda. Masu taro sukan ba da fayil na Word wanda aka riga aka tsara: girman harafi, faɗin gefe, yadda za a rubuta kan magana, yadda za a jera manazarta. Shafi 12 aka ba mu. Wanda ya wuce, ko ya matse rubutu don ya samu wuri, ana iya mayar masa da takardarsa ba tare da kowa ya karanta ba. Rubutuna na farko shafi 19 ne. Abin da na fara yankewa shi ne maganganun 'yan kasuwa, saboda su suka fi cin wuri, kuma da na juya su zuwa Turanci sai suka yi lami kamar miyar da ba gishiri. Na bar bitar ayyukan magabata da tsawonta, don ina son a san na yi karatu.

Ra'in da na ɗora aikin a kai shi ne wanda kowane ɗalibin fannin ya haddace, na Fred Davis, wanda ya fito a mujallar MIS Quarterly a 1989. A taƙaice yana cewa mutum yakan karɓi fasaha idan ya ga tana da amfani kuma tana da sauƙin sarrafawa. Na ƙara masa "yarda" a gefe, kamar yadda ɗaruruwa suka yi kafin ni, na zana akwatuna da kibiyoyi, abin ya yi kyau a ido.

Sai batun ɓoye kai. Tantancewar ta rufe ido ce ta ɓangare biyu: masu dubawa ba su san ni ba, ni ma ban san su ba. Don haka babu sunana, babu na jami'a, babu godiya ga kowa. Na taɓa gabatar da wani ɗan rubutu a taron cikin gida, kuma da na zo ambatonsa sai na yi magana a kansa kamar na wata baƙuwa. Ko cewa dillalin da ya buɗe mini ƙofar kasuwa kawuna ne, sai da na yi ta juya jimlar don kada ta tona ni.

Zaɓen sashe ma aiki ne. Taro irin wannan yana da sassa da dama, kowane da shugabanninsa da masu tantancewarsa: na tsaron bayanai, na lafiya, na ƙirƙirarriyar basira, na karɓar fasaha, na fasaha da ci gaban al'umma. Yaya ta ce in kai na ƙarshen. Ni kuma na ce ba na son a sa ni a layin "'yan Afirka da matsalolinsu", na zaɓi na karɓar fasaha, inda manya suke. Wannan shi ne girman kai na biyu.

To, mu koma wancan dare. Na juya takardar zuwa PDF, na buɗe shafin. Ashe ba ɗorawa kawai ake yi ba. Sai ka cike take, ka liƙa tsakure wanda bai wuce adadin kalmomin da suka yanka ba, ka zaɓi muhimman kalmomi, ka lissafa mutanen da bai kamata su duba aikinka ba saboda kusanci, ka shigar da abokin rubutu. Na sa imel ɗin Farfesa na jami'a, shafin ya ce bai san shi ba. Da wani adireshin daban ya yi rajista shekarun baya. Na kira shi ƙarfe goma da rabi da 'yan mintuna, abin da ban taɓa yi ba, ina ta ba da haƙuri. Ya karanto mini harafi bayan harafi cikin muryar barci. Yaya tana kan ɗaya wayar, ta ce, "Kafin ki danna, buɗe bayanan fayil ɗin." Na buɗe. Ga cikakken sunana ɓaro-ɓaro a gurbin marubuci, kwamfuta ta sa da kanta. Na goge, na sake juyawa, na ɗora. Saƙon tabbatarwa ya shigo saura minti 6. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Lafiya kike ta salati?"

Bayan kwana biyu na je Kwadaso gaida Kawu. Ya tambaye ni labarin takarda, na ce ta tafi, yanzu sai abin da masu dubawa suka ce.

"Su wane ne?"

"Ban san su ba, Kawu."

"Su sun san ki?"

"A'a. Haka tsarin yake, don kada a yi son kai."

Ya ajiye carbinsa. "Wato mutumin da ba ki san ubansa ba, bai san naki ba, shi zai yanke wa kayanki farashi, kuma ba wanda ya tsaya a tsakani?"

Na ce akwai edita a tsakani, wanda ya san mu duka. Ya ce, "Yauwa. Ashe kuna da maigida." Ya ci gaba da lissafinsa. Na yi dariya na wuce, ban san ya ba ni rabin amsar da zan nema bayan wata uku ba.

Aka yi zaɓen ƙasa ranar 7 ga Disamba, hunturu ya shigo ya fita, ni kuma ina duba imel kamar mai jiran sakamakon asibiti. A ƙarshen Fabrairun 2025 ya zo. Jimlar farko ta godiya ce, ta biyu ta fara da kalmar da duk ɗalibi ya sani ko da bai ƙarasa karantawa ba. Ba a karɓa ba. Na rufe kwamfutar, na yi kwana biyu ban buɗe sharhin ba.

Mutum uku ne suka duba, sai edita ya haɗa bayaninsu. Na farko layi shida ya rubuta: wurin binciken yana da ban sha'awa, a gyara Turanci. Na uku ya tambayi dalilin da ya sa mutum 23 kawai, ina takardar tambayoyi, ina alƙaluma, ina gwajin hasashe. Na ji haushinsa, amma laifina ne. Na kai hira da labari sashen da aka saba auna abubuwa da lissafi, na kuma yi musu zanen akwatuna da kibiyoyi irin nasu. Wanda ya shiga layin masu sikeli dole a tambaye shi nauyin kayansa.

Na biyu shi ne ya hana ni barci. Shafi biyu cur ya rubuta, kuma a bayyane yake ya karanta kowane layi. Abin da ya ce, a taƙaice: babu ɗaya daga cikin mutanenki da ke shakkar MoMo yana da amfani ko yana da sauƙi, duk sun karɓe shi tun tuni, don haka ra'in da kika ɗauko yana amsa tambayar da ba wanda ya yi. Abin mamaki a aikinki shi ne mutane suna da hanyar tura kuɗi kai tsaye amma suna zagayawa ta hannun mutum, har yana ba su bashi, kuma kin ba wannan sakin layi ɗaya tak a shafi na 9. Ya ƙara da cewa na yi amfani da kalmar "yarda" a wurare da dama, kuma yana zargin ba abu ɗaya nake nufi ba kowane lokaci. Ya tambaya: da wace kalma su mutanen suka faɗa?

Na ɗauko kwafin hirarrakin na Hausa, waɗanda na yanke don samun wuri. Mutumin nan bai san Hausa ba, wataƙila bai taɓa taka Gana ba, amma ya kama ni. Kalma ɗaya ta Turanci na yi ta jibga wa abubuwa huɗu. Idan ɗan kasuwa ya ce ya yarda da MoMo, irin yardar da ake yi wa mudu ce, ya san zai auna daidai. Amana kuwa mutum ake ba wa, kuma cinta zunubi ne da ake tsoron haɗuwa da shi gobe kiyama. Lamuni na mutum na uku ne, wanda ya ce "ba shi, ni na tsaya". Mutunci shi ne jinginar: abin da za ka rasa a masallaci da gidan biki idan ka ƙi biya. Wani dattijo ma ya faɗa mini a fili, na kwafe na wuce: "Waya ba ta da fuskar da za ta ji kunya." Mai lema ya zama maigida, ni kuma jikar maigida na kasa gani.

Farfesa bai ce "na gaya miki" ba, Allah ya saka masa. Ya ce akwai sauran ƙofa ɗaya a taron, zauren ɗaliban digirin digirgir, kuma wa'adinsa sai tsakiyar Maris.

Wannan zaure daban yake da gabatar da maƙala. Kwana ɗaya ko biyu ne kafin a buɗe babban taro. Ana zaɓar ɗalibai kaɗan, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da manyan farfesoshi biyu ko uku, a zauna a tattauna aikin kowa dalla-dalla. Ba a son wanda bai fara ba, ba a son wanda ya kusa ɗaure kundi, sai wanda ke tsakiya, wanda shawara za ta iya juya akalarsa. A ICIS ma makaranta ce ke tsayar da ɗalibi, kuma ɗaya ake ba ta dama. Taron da na nufa ya nemi abu uku: tsarin bincike a shafi 5, tarihin karatu da aiki, da wasiƙar malami mai tabbatar da matakin da na kai. A nan ba a ɓoye suna.

Na ɗauka zai yi sauƙi, in datse maƙalar in mayar da ita shafi 5. Na yi hakan na tura wa Yaya. Ta zo gida da kanta bayan tarawi, don azumi ya kama tun farkon Maris, ta zauna a bakin gado da takardun a hannu.

"Ƙanwata, wannan ai ado kika yi. Maƙala ce ake zuwa da kwalliya, a ce ga abin da na gano. Nan wurin likita za ki je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina inda yake miki ciwo?"

A ƙirar da suka bayar akwai wani sashe na ƙarshe: matsalolin da kake son malamai su taimaka maka a kai. Ni na cike shi da jimla biyu na ladabi. Ta ce wannan sashen shi ake fara karantawa.

Na sake rubutawa daga tushe, yawanci tsakanin sahur da fitowar rana, lokacin da yara ke barci kuma kai bai yi nauyi ba. Tambayar binciken ta sauya. Ba "me ke sa 'yan kasuwa karɓar MoMo" ba, sai "me ya sa fasahar da aka ƙera don cire ɗan tsakiya ta haifar da sabon ɗan tsakiya, kuma wane aiki yake yi wanda manhaja ba ta yi". Na bar kalmomin nan huɗu da Hausarsu, na ba kowace bayani da misali daga bakin mai ita. Na faɗi cewa dillalin da ya shigar da ni kasuwa kawuna ne, da abin da hakan ya buɗe mini da abin da ya rufe, domin akwai waɗanda ba za su taɓa gaya wa 'yar ɗan'uwan Alhaji bashin da ake bin su ba. Na faɗi cewa mata huɗu ne kawai cikin 23, alhali su ne masu sari da yawa. A sashen ƙarshe na rubuta gaskiya: ban san wane ra'i zai ɗauki wannan kaya ba, kuma ina tsoron a ce labarin kasuwa ɗaya ne kawai, ba ya koya wa fannin komai.

Sai ga wata sabuwa. Ranar 11 ga Maris, Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya gabatar da kasafi a majalisa, ya ce za a soke harajin tura kuɗi ta waya. Ba abin mamaki ba ne, an yi alƙawarin haka a yaƙin neman zaɓe, amma ni harajin yana cikin taken aikina, yana cikin jimlar farko, kuma saura kwana huɗu in tura. Na kira Farfesa ina cewa bincikena ya mutu. Ya ce, "Ko kuma gwamnati ta yi miki gwaji kyauta." Idan haraji ne ya kai mutane wurin mai lema, da an cire shi za su watse. Idan suka zauna, to wani abu ne daban ya riƙe su. Na cire harajin daga take, na mayar da shi cikin jadawalin aiki: zagaye na biyu na hira, wata uku bayan sokewa, da mutanen da na riga na yi magana da su, da ƙarin mata.

Wasiƙar Farfesa ta so ta makara, don tana buƙatar hatimin sashe kuma mai riƙe da hatimin ya yi tafiya. Na yi sawu uku a trotro, motar haya, da bakin azumi kafin ta fito. Wannan karon na rubuta wa'adin da agogon Kumasi a jikin bango, na tura tun ana sauran kwana ɗaya.

Shugaba Mahama ya sa hannu a dokar sokewa ranar 2 ga Afrilu, 'yan kwanaki bayan Sallah. A makon da ya biyo baya amsa ta zo: an ɗauke ni. Murnar ba ta daɗe ita kaɗai ba, don tare da ita aka turo lissafi. Akwai kuɗin rajista, da na zama ɗan ƙungiya, da tikitin jirgi, da masauki, da biza, duk da kuɗin waje, ni kuma albashina da sidi. Masu taro sun yafe wani ɓangare na rajista ga ɗaliban zauren, jami'a ta ce in cike takardar neman tallafi in jira, adashinmu na mata ya yarda a ba ni kwasar watan Mayu maimakon ta Satumba. Kawu ya cike sauran, bai rubuta a ko'ina ba.

An turo mini sunayen ɗalibai biyar da za mu zauna tare, da tsarin binciken kowa, a karanta kafin a haɗu. Ɗaya daga cikin malaman rukunin ta aiko wa kowannenmu tambaya guda da zai zo da amsarta. Tawa ita ce: idan mai MoMo ya zuba kuɗi da safe, ɗan kasuwa bai kawo da la'asar ba, wa ake kai wa ƙara?

Ban taɓa tambaya ba. Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kwadaso. Kwana goma ke nan da cire haraji, kuma a gaban lemar da ke kusa da rumfar Kawu na ƙirga mutum bakwai a tsaye, biyu da kuɗi a leda. Na jira layin ya ragu, na gaishe shi, na zauna a kan bencinsa na karanta masa tambayar da Hausa. Ya yi shiru yana danna waya, sannan ya nuna rumfar Kawu da haɓa.

"Hajiya, ai ba ni na ba shi ba. Alhaji ne ya ce in ba shi."

Na buɗe jaka na ciro na'urar naɗar murya, na ce ya yarda in ɗauka? Ya ce in bari ya sallami wannan matar tukuna.